Ina jinin da aka ƙara wa ɗana ya tafi, kuma mene ne haɗin ɓargo da sikila?

"Assalamu alaikum likita. Ɗana mai shekara 6 yana da sikila, kuma zuwa yanzu an yi masa ƙarin jini sau huɗu. Duk jinin da aka sa masa an ce min na masu AA ne. Abin da ya ɗaure min kai, bayan 'yan watanni sai ya koma yadda yake, idanunsa su yi ɗorawa, ciwon ƙashi ya dawo. To ina jinin ya tafi? Me ya sa bai zauna ya gyara nasa ba? Sannan na ji ana cewa ana yin dashen ɓargo mutum ya warke gaba ɗaya. Mene ne haɗin ɓargo da jini? Yana da yaya mace AS da ƙane AA, uwa ɗaya uba ɗaya. Ko za su iya taimaka masa?"

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba yaro lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri kan ɗawainiyar da kike yi, domin mu da muke zama da iyayen masu sikila a asibiti mun san daren da ba a barci da kuɗin da ke zubewa. Tambayoyinki uku ne a fuska: inda jinin ya tafi, haɗin ɓargo da jini, da ko 'yan'uwansa za su iya ba shi ɓargo. Amma duk ukun amsarsu wuri ɗaya take, wato wurin da ake ƙera jini. Idan kika gane wannan wurin, sauran za su warware da kansu, kuma ba wanda zai ƙara yaudararki da kwalbar magani.

Inda jini ke fitowa

Mutane da yawa sun ɗauka zuciya ce ke yin jini, wasu su ce hanta. Zuciya turawa kawai take yi, kamar injin ban ruwa. Ana yin jini ne a cikin ƙashi, a cikin ɓargo. Na san abin da zai zo miki a rai shi ne ɓargon ƙashin saniya da ake fasawa a miya, fari mai maiƙo. Wannan ɓargo ne da ya yi ritaya, kitse ya cike shi. Wanda ke aiki ja ne. Idan kin taɓa tauna kan ƙashin cinyar kaza kika ga wani abu mai duhu-duhu a cikin 'yan ramuka kamar soso, to shi ne. A jikin jariri kusan kowane ƙashi cike yake da jan ɓargo. Yayin da yake girma sai dogayen ƙasusuwan hannu da ƙafa su riƙa komawa kitse, aikin ya tattaru a ƙashin ƙugu, ƙashin baya, ƙashin ƙirji, haƙarƙari da ƙoƙon kai. Kafin haihuwa ma ba a ƙashi aka fara ba. Hantar ɗan tayi ce ke ɗauke da yawancin aikin watanni da dama, sai gab da haihuwa ɓargo ya karɓa.

Jini ruwa ne da ƙwayoyi iri uku ke iyo a cikinsa. Akwai jajayen ƙwayoyi masu ɗaukar iskar oksijin daga huhu zuwa ko'ina a jiki, su ne suka ba jini launinsa. Akwai fararen ƙwayoyi masu yaƙi da cuta. Akwai kuma wasu 'yan ɓarɓashi masu toshe rauni su tsayar da zubar jini, waɗanda za ki ji muna kira filetilet. Abin da ya kamata ki riƙe shi ne yawancinsu ba su da tsawon rai. Jar ƙwaya mai lafiya tana yin kwana 120 ne, sai saifa da hanta su janye ta su wargaza. Filetilet kwana 7 zuwa 10. Wasu fararen ƙwayoyin ko kwana ɗaya ba sa cikawa a cikin jini. Saboda haka jikin babban mutum yana ƙera jajayen ƙwayoyi wajen miliyan 2 a kowace daƙiƙa, dare da rana, don kawai ya maye gurbin waɗanda suka tsufa.

Wa ke haifar da duk waɗannan? A cikin ɓargo akwai wasu ƙwayoyi 'yan kaɗan, mu kira su ƙwayoyin iri, domin aikinsu daidai yake da irin da manomi ke ware wa a rumbu. Turawa na ce musu sitem sel. Abu biyu suke iya yi da sauran ƙwayoyin jini ba sa iyawa. Idan ƙwayar iri ta rabu biyu, tana iya barin ɗaya a matsayin iri, don kada rumbu ya ƙare. Ɗayar kuma ta kama hanyar zama jini: ta rabu, 'ya'yanta su rabu, jikokinta su rabu, kowane mataki zaɓinsu na ƙara ƙuntata, har wasu su zama jajaye, wasu farare, wasu kuma su zama wata ƙatuwar ƙwaya da ke zaune a gefen jijiya tana yayyage jikinta tana zuba filetilet dubbai cikin jini. Yawancin ƙwayoyin irin kansu barci suke yi, ba safai suke rabuwa ba. 'Ya'yansu ne ke yin wahalar haihuwar.

Duk lokacin da na ɗebi ɓargon majinyaci, na shafa a gilashi, na rina, na leƙa a madubin ƙara girma, abin da nake gani ke nan kamar an jera min shi. Jar ƙwaya tana farawa ƙatuwa, shuɗiya, da babbar cibiya a tsakiya, wato inda umarnin gado yake. A hankali tana ƙanƙancewa, shuɗin na komawa ja saboda tana cika kanta da himogulobin, sinadarin da ke riƙe iska. A ƙarshe sai ta tofar da cibiyar gaba ɗaya ta fita cikin jini. Shekaru ina kallon wannan, har yau ba na gajiya da shi.

Ki lura da wannan tofarwar, domin a nan amsar tambayarki ta farko take. Jar ƙwayar da ta shiga jini ba ta da cibiya, don haka ba ta haihuwa. Ta zama tuwo, ba ta shukuwa. Ledar jinin da aka rataya wa ɗanki cike take da irin waɗannan. Sun shiga sun yi masa aiki, sun ɗaga jininsa, sun sirka nasa masu lauje, shi ya sa kika ga ya yi haske ya samu kuzari. Amma tun a ledar wasu sun riga sun tsufa, sauran kuma kullum suna raguwa, cikin wata uku zuwa huɗu babu ko ɗaya. Duk wannan lokacin ɓargonsa bai daina aiki ba, kuma irin da ke cikinsa bai canja ba. SS ya gada daga gare ki da mahaifinsa, SS yake haifarwa. Jinin bai zube ba, bai kuma rikiɗa ya koma SS ba. Wa'adinsa ne ya cika.

Bari in ɗan ratse a nan, don abin yana ci min rai. Idan aka yi wa mai SS gwajin jinotayif cikin wata uku bayan ƙarin jini, sakamakon na iya fitowa AS, saboda na'ura ta ga nasa S ta kuma ga A na aro. Na taɓa karɓar wani uba da ya shigo da takarda yana murna har da hawaye, wai wani mai magani ya mayar da 'yarsa AS bayan ya sayar da fili ya biya. Da na tambayi yaushe aka yi mata ƙarin jini na ƙarshe, sai ya ce mako biyar da suka wuce. Sun riga sun daina ba ta magungunanta. Gaya wa mutumin nan gaskiya na daga cikin abubuwa mafi nauyi da na yi a ɗakin duba marasa lafiya. Babu jiƙo, babu garin magani, babu ƙwayar da ake haɗiya da ke shiga ɓargo ta sake rubuta gado.

Abin da sikila ke yi wa ɓargo

Matsalar kanta ƙarama ce ƙwarai a wurin rubutu. A 1956 zuwa 1957 wani masani mai suna Vernon Ingram a Kambirij ta Ingila ya nuna cewa himogulobin mai S da mai A sun bambanta ne a tubali ɗaya tak, na shida a jerin. Wannan tubalin ne ke sa himogulobin ya manne da juna ya zama kamar sanduna duk lokacin da ya sauke iskar da ya ɗauko, sai ƙwayar ta lanƙwashe kamar lauje, ta yi tauri. Masu taurin nan suna cushewa a ƙananan jijiyoyi, shi ne ciwon da ke sa yaro birgima. Kuma suna saurin fashewa: maimakon kwana 120, kwana 10 zuwa 20 suke yi. Ɗorawar da kike gani a idonsa launi ne da ke fita daga fasassun ƙwayoyin, ya fi ƙarfin abin da hanta za ta kwashe. Ba shawara ce irin ta ciwon hanta ba, kada a ɗura masa maganin shawara.

To ki duba halin da ɓargonsa ke ciki. Ƙoda ce ke auna iskar da ke cikin jini. Idan ta ji ta yi ƙasa sai ta saki wani sinadari, iritiropoyetin, ya je ya ce wa ɓargo ya ƙara himma. A jikin mai sikila wannan saƙon ba ya yankewa. Ɓargon na aiki ninki da yawa kan na sauran yara, har yana faɗaɗa ya tura ƙashin da yake ciki, shi ya sa za ki ga goshin wasu yaran ya ɗan turo ko haƙoran sama sun yi gaba. Dalilin ke nan da muke ba su folik asid kullum, domin kayan aikin ƙera ƙwaya ne kuma nasu na saurin ƙarewa. Dalilin ke nan kuma da ba ma ba su maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe haka siddan. Ƙarancin jininsu ba na rashin ƙarfe ba ne, kuma kowace leda da aka ƙara musu na shigo da ƙarfe wajen miligiram 200 zuwa 250, wanda jiki ba shi da hanyar fitarwa. Idan ya taru sai ya zauna a hanta da zuciya.

Akwai wata 'yar ƙwayar cuta, fabobairos B19, da ke tsayar da ƙera jajayen ƙwayoyi na kimanin mako ɗaya. Yaro mai AA ko ji ba zai yi ba, tunda nasa na kai wata huɗu. Mai SS kuwa, mako ɗaya ba sabon jini yana nufin babban kaso na jininsa ya tafi. Irin yaran nan ake kawo mana tafin hannu fari fat, suna haki, ba tare da wani ciwon ƙashi ba. Na kawo wannan ne don ki saba duba tafin hannunsa da cikin fatar idonsa a ranakun da yake lafiya, ki san kalarsa ta yau da kullum. Ranar da kika ga ya fi haka fari, ko cikinsa ya kumbura ta gefen hagu, kada ki jira gari ya waye.

Yadda aka gano irin, da yadda dashe ke aiki

Bayan bama-baman da aka jefa a Hiroshima da Nagasaki a 1945, likitoci sun ga mutanen da suka tsira daga wuta suna mutuwa bayan makonni da zubar jini da cututtuka, saboda tururin nukiliya ya kashe musu ɓargo. Wannan ya sa aka duƙufa bincike. A 1961 wasu masana biyu a Toronto ta Kanada, James Till da Ernest McCulloch, suka kashe ɓargon ɓeraye da irin wannan tururi, suka yi musu allurar ɓargon wasu ɓerayen. Bayan kwana goma sai ga 'yan ƙulle-ƙulle a kan saifarsu, kowanne cike da sababbin ƙwayoyin jini. Daga baya suka tabbatar kowane ƙulli daga ƙwaya ɗaya ya fito. A ɓangaren 'yan Adam kuma, Donnall Thomas na Amurka ya shafe shekaru yana gwada dashen, marasa lafiya da yawa suna mutuwa a farkon lamarin, har aka gane sirrin dacewar mai bayarwa da mai karɓa. An ba shi kyautar Nobel a 1990.

Wani abin da ke ba ni mamaki shi ne ƙarancin irin. Ba a iya ƙirga su kai tsaye a jikin mai rai, sai dai a yi dabara. A 2018 masana a cibiyar Sanger ta Ingila suka ɗauki ƙwayoyin jinin wani mutum mai shekara 59, suka karanta rubutun gadon kowacce, suka bi 'yan kurakuran da ke taruwa duk lokacin da ƙwaya ta rabu, kamar mai bin salsalar dangi ta hanyar tsagar fuska. Sai suka sa kwamfuta ta kwaikwayi ɓargo mai iri kaza da mai iri kaza, suna neman wanda zai ba da salsala irin wadda suka gani. Lissafin ya tsaya tsakanin 50,000 zuwa 200,000. Wato ƙwayoyin irin da yawansu bai kai na mutanen wani babban gari ba, su ke ciyar da jinin mutum tsawon rayuwarsa. Ƙarancin nan ne ya sa dashe ke yiwuwa, domin ba sai an canja jini duka ba, irin kawai za a canja.

Mai sikila ta farko da ta warke ta wannan hanya, ba don sikila aka yi mata ba. Wata yarinya ce 'yar shekara 8 a asibitin St. Jude da ke Memfis ta Amurka, tana da sikila kuma ta kamu da sankarar jini. Aka dasa mata ɓargon ɗan'uwanta don sankarar, sai ga sikilar ma ta tafi. An wallafa labarin a 1984. Ɗan'uwan nata AS ne, kuma jininta ya koma AS. Saboda haka yayar ɗanki ba ta fita daga lissafi ba don tana AS. A Najeriya an fara yin dashen a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011 ƙarƙashin Farfesa Nosakhare Bazuaye, sannan a 2024 Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas tare da Gidauniyar Sikila ta Najeriya suka fara nasu. Iyalai da dama kuma Indiya suke zuwa.

Kalmar dashe tana tsorata iyaye, suna zaton za a fasa ƙashi a cire wani abu a sa wani. Ba a yanka mai karɓa ko kaɗan. Mai bayarwa ake sa wa barci, a soka allura a bayan ƙashin ƙugunsa a zuƙo ɓargo, ya fito kamar jini mai kauri. Zai ji ciwon wurin kwanaki, ɓargonsa kuma ya cike gurbin cikin 'yan makonni. Abin da aka zuƙo sai a rataya wa mara lafiya ta jijiya kamar ƙarin jini, ƙwayoyin irin su bi jini su nemi hanyarsu zuwa cikin ƙashi da kansu su zauna. Wannan ranar ita ce mafi sauƙi a duk tafiyar.

Wahalar tana gabanta da bayanta. Gona mai shuka ba ta karɓar sabon iri sai an share ta. Kafin ranar dashe ana ba yaro magunguna masu ƙarfi irin na sankara, su kashe nasa ɓargon su kuma kwantar da garkuwar jikinsa don kada ta kori baƙon. Daga nan har sabon ya kama, mako biyu zuwa huɗu, yaron ba shi da sojan da zai kare shi. Yana killace a ɗaki, gashi ya zube, baki ya yi gyambo, ƙwayar cutar da ba ta isa ta sa ki atishawa ba tana iya kashe shi. Bayan ya kama kuma akwai haɗarin da muka fi tsoro: sababbin fararen ƙwayoyin, tunda na wani ne, suna iya ɗaukar jikin yaron a matsayin abokin gaba su far wa fata, hanji da hanta. Wani lokaci abin ya zo da sauƙi, wani lokaci ya zama ciwon shekaru. Wani kuma jikinsa ya ƙi dashen, tsohon ɓargon ya dawo da sikilarsa. Sannan magungunan sharar gonar suna yawan taɓa haihuwa, maza da mata. Wannan magana ce da nake so iyaye su ji ta da kunnensu tun kafin a sayi tikitin jirgi, domin yanke wa yaro ɗan shekara 6 hukunci a kan haihuwarsa ba ƙaramin abu ba ne.

Duk da haka ba zan rage wa dashe darajarsa ba. Idan yaro ƙarami ne kuma mai bayarwa ɗan'uwansa ne da suka dace sosai, a cibiyoyin da suka ƙware kimanin tara cikin goma suna rabuwa da sikila. Na ga yaron da na sani a kan gadon asibiti duk sanyin hunturu ya dawo yana buga ƙwallo. Sakamakon ya fi kyau a ƙuruciya, kafin cutar ta lalata ƙoda, huhu ko ƙwaƙwalwa. Abu ɗaya da dashe ba ya canjawa: ƙwayoyin haihuwarsa. Jininsa zai zama na mai bayarwa, har rukunin jinin, amma duk ɗan da zai haifa S zai ba shi. Ranar da zai nemi aure, a matsayin SS za a yi masa lissafi.

Ko 'yan'uwansa za su dace

Dacewar da ake nema daban take da AA ko AS, daban kuma take da rukunin jini na O ko A ko B. Wata alama ce da ke jikin ƙwayoyi, ana kiranta HLA, wadda garkuwar jiki ke gane nata da ita. Kowane yaro na gadon ƙunshi ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba, kuma kowannenku ƙunshi biyu gare shi. Don haka damar shaƙiƙai biyu su gaji iri ɗaya sak ita ce ɗaya cikin huɗu. Da yake 'yan'uwansa biyu ne, damar a samu aƙalla ɗaya ta kai bakwai cikin goma sha shida, ta ɗan gaza rabi. A gidajenmu na mata biyu ko uku ana yawan ce min yana da 'yan'uwa goma sha biyar. 'Yan uba ba sa shiga wannan lissafin, iyakarsu su dace rabi. Ke da mahaifinsa ma rabi ne. Yanzu ana yin dashe da mai dacewar rabi, hanyar da aka bunƙasa a jami'ar Johns Hopkins, kuma sakamakonta na ƙara kyau, amma haɗarinta ya fi, kuma tana buƙatar cibiyar da ta saba da ita.

Wataƙila kin ji labarin sabon maganin da ake gyara gadon mutum da shi. Gaskiya ne. Sunansa Casgevy, Birtaniya ta amince da shi a Nuwamban 2023, Amurka ta biyo baya a Disamba. Ana ɗebo ƙwayoyin irin mara lafiyan kansa, a gyara su a ɗakin gwaji, a mayar masa. Dabarar tana da kyau: kowane jariri na zuwa duniya da wani himogulobin na musamman, na ɗan tayi, wanda ba ya lanƙwashewa, shi ya sa jarirai masu SS ba sa nuna alama sai wajen wata shida, lokacin da jiki ya kashe wannan ya kunna na manya, sai ki ga hannu da ƙafa sun kumbura. Gyaran yana sake kunna na ɗan tayin ne. Ba a buƙatar mai bayarwa, amma sharar gona da magani mai ƙarfi tana nan. Farashinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne. Najeriya ce ƙasar da ta fi kowace yawan masu sikila a duniya, ana haihuwar jarirai wajen 150,000 da ita duk shekara, kuma maganin yana inda 'ya'yanmu ba za su kai ba. Wannan yana min ciwo, ba zan ɓoye ba.

Abin da ke hannunki yanzu

Amma wannan dabarar ta himogulobin ɗan tayi, akwai ƙwayar magani da ke yin wani ɓangare nata, kuma tana nan a kantunan maganinmu. Sunanta haidiroksiyuriya, a kwali za ki ga an rubuta hydroxyurea. Tana aiki a ɓargo, tana sa shi ya ƙara yin himogulobin ɗan tayi, ƙwayoyin su rage lanƙwashewa su ƙara kwana. Ba ta canja iri, yaro na nan SS, amma tana rage yawan ciwo, kwanciya asibiti da buƙatar ƙarin jini. An gwada ta a kan yaran Afirka, a Angola, Kwango, Kenya da Yuganda, aka ga tana da amfani kuma jikinsu na ɗauka. A nan gida ma, binciken da likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano suka yi tare da jami'ar Vanderbilt ta Amurka ya nuna tana kare yaran da ke cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Iyaye kan tsorata idan suka karanta takardar cikin kwali suka ga an ambaci sankara. Adadin da muke bai wa mai sikila daban ne, gwargwadon nauyinsa, kuma muna bin sa da gwajin jini lokaci-lokaci don kada ta danne ɓargon fiye da kima. Shi ya sa ba a sayenta a fara sha da ka.

A ganina yaron da aka yi wa ƙarin jini sau huɗu kafin ya cika shekara 7 ya cancanci a zauna a yi maganar wannan magani da gaske, idan ba a riga an fara ba. Na ce a ganina, domin ban ga yaron ba, ban ga fayil ɗinsa ba, kuma dalilin kowane ƙarin jini na da muhimmanci: wanda zazzaɓin cizon sauro ya jawo daban, wanda saifa ta tara jini daban, wanda ciwon ƙirji ya jawo daban. Ni kuma aikina shirya marasa lafiya da bibiyarsu bayan sun dawo ne, hukuncin ko yaro ya dace da dashe na cibiyar da za ta yi ne bayan ta gwada shi.

Ranar asibitinku mai zuwa ki tafi da takardun ƙarin jinin nan huɗu. Ki tambayi likitansa dalilin kowanne. Ki tambaya ko an taɓa yi masa hoton jijiyoyin ƙwaƙwalwa da ake kira TCD, wanda ake ɗora na'ura a gefen kai ba allura ba ciwo, kuma ya kamata a riƙa yi wa mai SS duk shekara daga shekara 2 zuwa 16, tunda kusan ɗaya cikin goma na samun shanyewar jiki kafin shekara 20 idan ba a tare ba. Ki tambayi haidiroksiyuriya. Ki tabbatar rigakafinsa sun cika, yana kwana cikin gidan sauro, yana shan ruwa sosai, kuma zazzaɓi ko na dare ɗaya ne asibiti za a nufa. Idan ku da mahaifinsa kuna son bin hanyar dashe, matakin farko gwajin HLA ne na yaran uku, jini kaɗan ake ɗiba ko a goga auduga a cikin kumatu. Ku yi shi kafin ku sayar da komai, domin sakamakonsa ne zai nuna irin shawarar da za a zauna a yi.